Yadda caji ya hana ni jana'izar Malam Isufu

Jama'a, assalamu alaikum. Yau na ga abin da shekara talatin ta koyarwa a lakol, wato makaranta, ba ta nuna mini ba!

Da hantsi aka sanar da ni rasuwar aminina Malam Isufu a Cadawa, jana'iza bayan azahar. Na hau babur mai lantarki da ɗana ya saya mini. Ban bar Agiye ba batir ya yi ƙasa.

Na tsaya wurin caji na bakin tasha. Mai tsaron wurin ya ce, "Baba, batirinka ba na kamfaninmu ba ne. Alhaji mai wurin ya hana."

Na ce, "Ɗana, gawa ke jirana!"

Ya ce, "Allah ya jiƙan rai. Amma ka san Alhaji."

Da babbar rigata na tura babur har bayan kasuwa, inda na saba caji. An garƙame ƙofa da kwaɗo! Farantan sola na shan rana a bisa, ciki kuwa buhunan wake. Mai shayin gefe ya ce, "Ai Direkta, Alhajin tasha ya saye nan, ya maida shi mangazar ajiya."

Na koma tasha, na zauna jiran motar haya ta cika. Ina sauka Cadawa, ana dawowa daga maƙabarta. Ɗan marigayin ya kama hannuna ya ce, "Baba, wurinka muka bari a sahun gaba."