Uwata a Gwangwanin Bature

Ina da shekara huɗu mahaifiyata ta rasu, don haka ban san fuskarta ba. Hotonta ɗaya ne a gidanmu na unguwar Television, shi ma ruwan sama ya bi ta rufi ya cinye shi, bai bar mana komai ba sai ɗankwali da rabin kafaɗa. Na tashi ina jin ana cewa dariyata irin tata ce, faɗana ma irin nata ne, amma ba ni da hanyar tantancewa. Abin da na riƙe kawai shi ne maganar Baba: wai an taɓa ɗaukar matan zumunta na majami'armu a fim suna waƙar Kirsimeti, tana cikinsu, kuma fim ɗin yana nan. Idan na tambaye shi a ina, sai ya tuna da wani aiki a waje.

Baba ya yi aiki a gidan talabijin, a ɗakin fina-finai. A zamaninsa shirye-shiryen Ingila a gwangwani suke zuwa, faffaɗa kamar faranti mai murfi, fim ɗin a naɗe a ciki. Aikinsa ya duba, ya liƙe inda ya tsinke, ya miƙa a nuna. In an gama, sai takarda ta zo daga can: ko a tura wata ƙasa, ko a mayar musu, ko a ƙona a rubuta shaidar an ƙona. Gwangwanayen da suka rage babu komai ciki kuwa, ma'aikata ke kwasa zuwa gida. Da su na girma. A ɗaya nake ajiye zare da maɓallai har yau, ɗaya kuma na daddawa ne.

Da na yi wayo na taɓa zuwa gidan talabijin ɗin da ƙafata neman fim ɗin. Aka yi ta tura ni daga ofis zuwa ofis, har wani ya tausaya mini ya buɗe mini sito. Na ga tulin kaset da gwangwanaye a ƙasa, tsatsa ta haɗe wasu, ɓeraye sun yi gida a wasu. Ya ce yawancin na da ma an ɗora wani abu a kansu, don kaset ya yi wuya a lokacin. Yana faɗa yana murmushi, kamar labarin wani gari yake ba ni. Na fito ina huci, na yi kwana biyu ba na iya cin abinci.

Shekaru suka wuce, Baba ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, na ɗauko shi ya dawo wurina a Mahuta. Wata Asabar da hantsi sai ga wani tsohon abokin aikinsa, wanda muke kira Malam, ya yi sallama tare da wani Bature mai jakar goyo, ya jiƙe sharkaf da gumi. Na ba su kunu, Baturen ya shanye ya yaba, na ƙara masa. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Abin da ya kawo shi ne ya tayar mini da hankali.

Ya ce a can ƙasarsu gidajen talabijin sun share tsofaffin shirye-shiryensu da hannunsu, wasu sun ƙona, don a lokacin ba wanda ya zaci za a sake nema. Yanzu kuma jama'arsu sun tashi haiƙan suna nema, shi ya sa yake bin ƙasashen da aka taɓa aika wa kwafi, sito-sito, gida-gida, ko Allah zai sa wani ya manta bai ƙona ba. Na ce a raina, lallai. Kun ƙona naku, kun sa mun ƙona wanda kuka ba mu aro, yanzu kun hau jirgi kun zo kuna fatan an samu wani ɗan Afirka da bai bi umarninku ba. Ni kuma da nake neman uwata a cikin garin nan, ko kujerar zama ba a ba ni ba a wasu ofisoshin.

Baturen ya hango gwangwanina a kan kanta, idonsa ya kawo wuta. Malam ya bayyana mini cewa tsohon fim in ya fara lalacewa warin tsami yake yi, shi ya sa masu wannan nema da hanci suke farawa. Baturen ya nemi izini, ya buɗe murfin a hankali, ya kai hanci, daddawa ta yi masa maraba. Malam ya yi dariya har da tari. Ni ma na dara, na ce a gaya masa wannan shirin namu ne na gida, kullum muna nuna shi a miya.

Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya gyara zama, ya ce wa Baturen ya fito da takardarsa zai ba shi wata lamba. Ya karanto lambar gwangwani da ka, ba gargada, kamar mai karanta Zabura. Sannan ya ba da labarin da na yi shekara arba'in da ɗoriya ina roƙonsa.

Ashe a wurin aikinsu ɗaki biyu ne. Fina-finan Turawa suna ɗakin sanyi, a jere a kan kanta, da makulli, domin kayan aro ne, in sun lalace za a tuhumi wani. Namu na gida kuwa a sito ake jibge su, tunda ba mai tambaya. Bayan rasuwar mahaifiyata Baba ya shiga siton ya tono fim ɗin matan zumunta a ƙasa, danshi ya fara taɓa gefensa. In ya kai gida, rufinmu na yoyo. In ya bar shi a siton, zai ruɓe. A makon aka ba shi wasu fina-finan Ingila ya duba. Sai ya zare guda daga gwangwaninsa ya haɗa da waɗanda aka ce a ƙona, ya sa na matan zumunta a madadinsa, ya mayar ɗakin sanyi da tambarin Turawa a jiki. A ganinsa ya sama wa matarsa wurin da ba abin da zai taɓa ta.

Daga nan ya ɗauki hutu ya kai ni ƙauye wurin kakata. Da ya dawo ya tarar da kanta wayam. Takarda ta zo a bayansa cewa a mayar da komai Landan, an kuwa ɗaure an tura. Bai gaya wa kowa ba, don in ya yi magana aikinsa ne zai tafi.

Baturen bai ko dube ni ba. Ya duba lambar a kwamfutarsa, fuskarsa ta yi ja. Wanda Baba ya zare ɗin yana cikin waɗanda suka fi nema, babu kwafinsa ko'ina. Sau uku yana tambaya ko da gaske an ƙona, ko dai an ajiye a wani wuri an manta. A na ukun na miƙe tsaye, Malam yana ta yi mini alama da hannu in zauna. Baba ya riga ni.

"Ku kuka koya mana ƙonawa, har da takardar shaida," in ji shi. "Naka na ƙona shi, ka yi haƙuri. Tawa tana wurinku. Ita nake tambaya."

Baturen ya ce zai bincika, ya karɓi lambar wayata. Na raka su bakin titi ba tare da na ce masa ya gai da gida ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda na sa rai. Ni da na san halin duniya, sai ga ni ina duba waya ko ina tsakiyar tuƙa tuwo. Na fara tunanin wa da wa zan gayyato su kalla, har na yi wa fasto maganar aron majigin coci. Baba kuwa ya sa aka kai shi asibiti a duba idon da ya shekara uku yana ƙin a taɓa.

Saƙon ya same ni a Gonin Gora ina cinikin doya. Mutumin ya cika alkawari, ya bi sawun gwangwanin har ya samo katinsa a wani tsohon kundi, ya ɗauko hoto ya turo mini. Layi biyu ne da rubutun hannu, da Turanci. Na farko ya ce abin da ke ciki bai dace da tambarin ba, wasu matan Afirka ne suna waƙa. Na biyu ya ce an zubar. A ƙasa Baturen ya ƙara da nasa ban haƙurin, ya kuma ce in Baba ya tuna da wani gwangwanin daban, don Allah in sanar da shi. Na bar doyar a nan, mai doya tana kirana ban waiwaya ba.

A hanya na yi ta zagi a zuci, na rasa wa zan fara kamawa. Ma'aikacin can da ya buɗe ya ga mutane suna yabon Ubangiji ya jefa a shara don ba su ne aka rubuta a murfi ba, ko namu na nan da suka sa sai mutum ya ɓoye matarsa a rigar Bature kafin a ba ta wurin kwana mai kyau. Har Baba ban bari ba, shi da dabararsa.

Na same shi a inuwar mangwaro yana sauraron rediyo. Na kashe rediyon, na karanta masa layi biyun, na fassara duk da ya fi ni jin Turanci. Sai ya tambaya, ta yaya suka san mata ne suna waƙa? Na ce sai dai in wani ya ɗora a na'ura ya kalla.

"To, wani ya gan ta ke nan," in ji shi.

Na ce e, wani ma'aikaci da bai san ta ba ya gan ta, ni da ta haifa ban gan ta ba, kuma ba zan gan ta ba. Muryata ta tashi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Baba ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Ki rubuta masa, ko mai kallon yana da rai a tambaye shi," ya ce. "Ita ce ta uku daga hagu, mai tsohon ciki. Cikinki ne."