Yafiyar da Uwani Ta Riƙe

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi ya san Uwani mai markaɗe. Yayata ce, kuma ni shaida ce: shekara goma sha tara mijinta Ɗahiru direba yana jibgarta. Kunnenta na hagu mari ne ya kashe shi, amma in an tambaya sai danginsa su ce ƙarar inji ce. In ta yi yaji ta zo gida, Baba ya ce ta yi haƙuri, aure ibada ne. Haka za ta share hawaye ta koma.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ta shiga islamiyyar matan aure a Tarauni. Can Malama Safiyyah ta ga tabo a wuyanta, ta ja ta gefe. Ba ta ce mata haƙuri ba. Cewa ta yi Allah Ya haramta zalunci, kuma haƙƙin wanda aka zalunta nasa ne: in ya yafe ya sami lada, in ya riƙe bai yi laifi ba. Uwani ta ce mini ranar ta fara sujada ba tare da tana jin ita ce mai laifin ba.

Ba a rufa shekara ba Ɗahiru ya rasu. Aka yi masa wanka, aka haɗa shi, maza na jira a waje. Kamar yadda aka saba, aka kira matarsa ta durƙusa gaban makara ta ce ta yafe masa. Ta durƙusa. Gwaggonsa, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa ceton Uwani ba, ta zungure ta.

"Ki faɗa mana, ana jira."

"Gwaggo, ban yafe ba. Kuma ba zan yi ƙarya a gaban gawa ba."

Haka aka ɗauke shi.

Har ta gama takaba danginsa ba su leƙo ba. Matan layi suka kwashe markaɗensu suka kai wani gida, wai ba ta da imani. Waɗannan fa su ne suke jiyo ihunta ta katanga su ci gaba da tankaɗe. Har yau abin na ci mini rai.

Ranar fitar takaba na tambaye ta ko za ta taɓa yafewa. Ta ce kullum bayan sallar asuba tana roƙon Allah Ya saka mata yafiyar a zuciya, ba ta zo ba tukuna.

"Ranar da ta zo, Shi zan gaya wa," in ji ta. "Su kam ba za su ji ba."