Ranar da na tura keke babu kowa a ciki

Har gobe ban manta da wata safiya a watan Rajab ba, lokacin ina tura keken gajiyayyu tsakanin Safa da Marwa. Aikinmu shi ne mu ɗauki tsoho ko maras lafiya mu yi masa zagaye bakwai. Doka ɗaya shugabanmu ya kafa: wanda ya hau, kada a sauke shi sai an kammala.

Ni kuwa da ɗan karatuna na ajami, na mai da keken nan mumbari. Kowa ya hau sai ya sha wa'azi, har abokan aiki suna kirana Limamin Taya.

Ran nan aka haɗa ni da wata tsohuwa 'yar ƙabilar Hamong, haifaffiyar duwatsun ƙasar Lawos da ke Asiya, wadda ta musulunta da girmanta. 'Yarta na jin Larabci, ita ke yi mana tafinta. Na gyara murya na kama labarin Nana Hajara, yadda ta ajiye jaririnta tana kai da komowa neman ruwa.

Tsohuwar ta dafa hannuna ta yi magana. 'Yar ta ce, "Baba, ta ce ta san gudun nan. Tana ƙarama yaƙi ya kore su cikin daji, ƙyanda ta kama ta, babu magani. Mutanensu suka ce kukanta zai jawo sojoji, a bar ta. Uwarta ta ƙi, suka tafi suka bar su. Sai ta kwantar da ita a gindin bishiya, ta ruga neman ruwa, ta rugo ta duba ko tana numfashi. Yanzu tana so ta sauka ta taka zagayen ƙarshe da ƙafarta, don uwar tata."

Wa'azina ya ƙare a nan. Na san zan iya rasa aikina, amma na taka birki.

Ta tafi a hankali, dafe da 'yarta. Ni ina biye da keke babu kowa, hawaye har gemu. A Marwa muka yi kiciɓis da shugabanmu.

"Ya shaikh, aljani ka ɗauko yau?"

Na nuna masa ita. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan, ban gan ka ba."

Tun daga ranar nake gaya wa sababbin ma'aikata: ku fara tambayar wanda ke kan keke daga ina ya taho. Ni a littafi na karanta gudun Nana Hajara, ita kuwa saboda ita aka yi irinsa.