Fim ɗin da ya hana baba koya mini ginin rumbu

Talabijin ta farko da ta shigo garinmu, can gefen Garhanga, ta gwamnati ce. An kafa mata faifan rana mai ba ta wuta, bayan magariba a fito da ita a ɗora bisa tebur, gari duka ya shimfiɗa tabarmi. Abin da muka saba gani a ciki labarai ne da malaman gona masu nuna yadda ake feshin fari, don haka duk abin da ta faɗa, a wurin dattawanmu sanarwa ce daga sama. Ni ne tafinta, saboda na yi 'yan shekaru a lakwal, wato makarantar boko, kafin a sallamo ni. Faransancina gurgu ne, amma babu mai kama ni.

Babana maginin rumbu ne, irin manyan rumbunan laka na Adar masu ciki kamar tulu. Har daga Buza ana aiko masa. A lokacin na yi sabon aure, ina bin sa ina kwaɓa laka da ƙafa, ina miƙa masa curi, kuma ba abin da nake so a duniya kamar ranar da zai ce in hau in ɗora da hannuna.

Sai wata ranar Lahadi aka sa wani fim na Turawa game da zamani mai zuwa. Mutanen ciki suna sanye da tufafi masu ƙyalli kamar gwangwanin sardin, motocinsu na tashi sama, wani ma gidansa a wata yake. Wannan duk dariya muka sha. Inda aka yi tsit shi ne wurin cin abinci. Mutum zai ɗauki ƙwaya ɗaya ja ya haɗiye, ya shafa ciki, shi ke nan ya ƙoshi. Wani a fim ɗin ya ce an daina noma tuntuni, ni kuma na fassara da babbar murya, har da ƙarin gishiri, don ina jin daɗin yadda ake saurarona. An rubuta shekarar da wai hakan zai faru a fuskar talabijin. Na lissafa na ce musu in ta zo za ta same ni da furfura, amma da sauran ƙarfina.

A hanyar gida baba ya tambaye ni, ba da wasa ba.

"Wanga batu na ƙwaya, gomnati ta ta hwaɗe shi?"

Na ce, "Baba, wasa na. Tatsuniya ta irin tasu."

"Tatsuniya da shekara rubuce? Ka taɓa jin anka sa ma tatsuniya shekara?"

Ya ce shi ya ga rediyo ta zo ana musun ta, ya ga jirgi, ga kuma akwatin nan mai hoto. Wanda ya yi waɗannan, ƙwayar ƙoshi ba za ta gagare shi ba. In babu hatsi babu rumbu, kuma shi ba zai bar wa ɗansa sana'ar da za ta mutu a hannunsa ba.

Na yi zaton zai huce, amma baba in ya kafe ya kafe. Ya sayar da akuya ya kai ni Madawa wurin wani mai gyaran rediyo da kaset, wai in koyi aikin gobe. Na yi rani guda ina shaƙar hayaƙin dalma, raina a ɓace, na dawo na ce ban iya ba. Ƙanena aka tura a madadina, shi kuwa ya so abin, ya ƙware. Ni na koma ramin laka. Baba bai kore ni ba, bai kuma koya mini ba. In na tambaye shi dalilin wani abu sai ya ce, "Miƙo laka." Abin da na iya duk da ido na sace shi: yadda ake jera duwatsun gindi, yadda ake barin laka da ciyawa su ruɓa, yadda ake jira zoben ƙasa ya sha iska kafin a ɗora wani. Na ji haushinsa shekaru, ba zan ɓoye ba. Amma mun yi aiki tare, mun ci daga akushi ɗaya, kuma da ƙarfinsa ya ragu aka fara kirana ni kaɗai.

Shekarar fim ɗin ta zo ta wuce ba wanda ya tuna. Muna ta fama da nomanmu, mata na daka, ana shan fura. Kaset kuwa ya mutu murus. Ƙanena yanzu albasa yake saye da sayarwa a Madawa, kuma yana samun rufin asiri fiye da da. In muka haɗu nakan ce masa mutumin gobe, shi kuma ya ce mini ɗan laka.

Bara 'yata da ke karatu a Tawa ta zo hutu. Na ba ta labarin, ta lalubo fim ɗin a wayarta, muka zauna da hantsi a inuwar zaure muka sa wa baba. Idonsa ya yi rauni, sai ya kawo fuska dab da wayar. Abin da ya ba mu tsoro da, yanzu abin tausayi ne. Motar da ke tashi sama na lilo a jikin zare, ana ganin zaren sarai. Wata na'ura da wai ta san komai ta cika ɗaki guda, tana juya faifan kaset irin wanda ƙanena ya zubar. Mai gida a wata yana magana da wayar da ke da igiya. 'Yata ta karanto mana bayanin da ke ƙasa, cewa don talabijin aka yi shi, cikin wata mangaza ta ajiyar kaya, kuma duwatsun watan na kwali ne. Lallai kuwa, wani ya jingina da dutse, dutsen ya motsa.

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ashe ko maginin kirki ba su da." Can ya ce in kai shi wurin rumbun da nake ginawa a bayan gida.

Na riƙe hannunsa muka je. Ginin ya kai ƙirji. Ya shafa bangon da tafinsa daga ƙasa zuwa sama, ya kama bakin tsakanin yatsu, ya daɗe yana murzawa yana jin kaurinsa.

"Nan kake kuskure," ya ce. "In ciki ya hwara komawa, rage kabri. Kai kana ƙarawa don tsoro, shi ya sa naka ka tsagewa ga wuya."

Gaskiya ne, rumbunana sukan tsage a wuya, kuma na yi shekara da shekaru ina liƙewa ban san dalili ba. Ya ce in ɗebo laka. Na ɗebo, ya kama hannuna ya ɗora a kan bango, nasa bisa nawa, ya nuna mini yadda babban yatsa ke ja daga ciki. Ina da furfura da jikoki, amma daɗi ya kama ni kamar yaro.

Ya ce, "Sake. Ba ka yi daidai ba."

Na sake.