Kafireta Mai Ɗigo Uku

Na fi shekara ashirin ina riƙe da sifana a sana'ar kanikanci, amma ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata, mako uku kafin babbar sallah, da Modu ya miƙo mini wayarsa a garejinmu na unguwar Lamisula. Ku yaran gareji da kuka zo daga baya ba ku san shi ba. Wajen maigida ɗaya muka koyi gyaran babur, na riga shi da shekara biyu. Da aka hana hawa babur a cikin gari, muka koma gyaran keke mai ƙafa uku, rumfa ɗaya, kowa da bencinsa.

Modu ya iya waya, ni kuwa iyakata amsa kira. Duk kayan da aka rasa a kasuwa, shi zai shiga zaurukan gwanjo na intanet ya zaƙulo. Yadda ake yi, mai kaya ya sa hoto, masu so su yi ta tayi, wanda ya fi kowa ya tura kuɗi, sai a ba direba kayan a tasha. A kan haka masu keke suka fara wuce bencina suna tambayar ina Modu. Ni da na koya masa sa ringi a inji! Abin yana cina, ba zan ɓoye muku ba.

Ana nan sai ga Alhaji Jidda, dillalin shanu, da tsohon babur ɗinsa a bayan akori-kura. Tun da aka hana hawa yake lulluɓe a zaure, yanzu yana so a tashe shi ya aika wa ƙanensa da ke kiwo a wajen Gombe kafin sallah. Babur ɗin nan shekara tara ni nake gyara shi, ko tari ya yi na san abin da ke damunsa. Alhaji ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya miƙa wa Modu makulli. Wai kafiretar ta lalace, an daina yin irinta, kuma an ce masa Modu ne mai samo abin da ya ɓace.

Ranar Talatar Modu ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya nuna mini hoton wata kafireta a waya, ya kira ni yadda ya saba, Ya Isa, wato Yaya Isa. "Ya Isa, duba mini wannan. Ta asali ce?"

Ina ganin hoton na gane ta. Mu makanikai muna da al'ada, duk abin da ka kwance ka ajiye sai ka yi masa alamarka don kada ya cakuɗe da na wani. Tawa ɗigo uku ce ƙanana da nake bugawa da ƙusa, ga su nan a gindin kafiretar. Har tabarmar zaurena ta fito a hoton. Shekara biyu kafin nan 'yata ta ɗauki hoton ta sa a intanet ko za a samu mai saye, ba a samu ba, na jefa kafiretar cikin akwatin ƙarfe. Akwatin yana ƙarƙashin bencin da nake zaune a kai. Wani macuci ne ya kwafi hoton yana gwanjon abin da bai taɓa riƙewa ba.

Na ce masa ta asali ce. Na kuma riƙa faɗa wa kaina ai ban yi ƙarya ba.

Modu ya ci gwanjon, ya tura kuɗin Alhaji. Daga nan sai labari. Yau an ce mota ta lalace a Potiskum, gobe direba ya manta da kayan a Damaturu, rana ta biyar lambar mai kayan ta daina shiga. Ina ganin Modu yana zagaya rumfa da waya a kunne, wallahi wani sanyi nake ji a raina.

Saura kwana huɗu sallah Alhaji ya zo, ya wanke Modu tas a gaban masu keke, har ya ce wa ya sani ko baki suka haɗa da mai gwanjon. Lokacin da nake jira ke nan. Na ce Alhaji ya yi haƙuri, bari in duba tarkacena. Na jawo akwati, na ɗan yi lalube kamar gaske, na fito da ita. Alhaji ya kama hannuna yana ta sa albarka.

Modu ya karɓi kafiretar ya juya gindinta. Ya ciro waya, ya buɗe hoton, ya faɗaɗa shi da yatsu biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya matso yadda ni kaɗai zan ji.

"Ya Isa, tabarmar ma ta gidanka ce, ko?"

Shi ya ɗaura kafiretar da hannunsa, bugu ɗaya babur ya tashi. Bai faɗa wa kowa ba, ko Alhaji. Bayan sallah ya kwashe kayan aikinsa ya koma unguwar Umarari.

To ku ji. In za ku sayi kaya a intanet, ku sa mai kayan ya rubuta sunanku a takarda, ya ɗauki sabon hoto da ita a gefen kayan. Macuci ba zai iya ba. Amma wannan maganin ɓarawon nesa ne. A sana'ar nan wanda zai iya kashe maka suna shi ne wanda ka yarda da idonsa. Masu keke sun dawo bencina kamar yadda na so. Modu kuwa har yau in mun haɗu a ɗaurin aure yana gaishe ni da Ya Isa, yana tambayar iyali, amma bai sake nuna mini wani abu ya ce in duba masa ba.