Malam Maitama da Gurbin Tarwaɗa

A Yauri aka haifi Malam Maitama, gidan masunta, kuma ya iya riƙe filafili tun kafin ya iya riƙe fensir. Cacar biza ce ta kawo shi Amurka. Ya sauka a garin Laurel tare da matarsa Furera, ya sami aikin tuƙa motar ɗaga kaya a wani katafaren sito, ya shekara goma sha tara a ciki. Duk tsawon lokacin nan bai san akwai kogi tafiyar minti goma daga gidansa ba. Sito ya sani, sai masallaci, sai shagon da Furera ke aikensa sayen garin tuwo.

Likita ce ta tona masa. Ta auna jininsa ta ce ya hau, dole ya riƙa tattaki. Ran Asabar ya fita yana ta ƙunƙuni, ya bi wata 'yar hanya ta cikin itatuwa, sai ga kogin Patuxent a gabansa. In aka gwada shi da ruwan Yauri, wannan rafi ne. Amma warin laka da ya daki hancinsa ya sa ya zauna bisa wani kututture har azahar ta yi. Satin da ya biyo baya ya yanki lasin, ya sayi sandar fatsa.

Masu fatsar wurin ba su wuce goma ba. Babbansu Joel, wani tsohon baƙar fata da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, mai ƙarancin magana. Sai da Maitama ya yi wata biyu yana zuwa kafin Joel ya ɗaga masa hannu. Ranar da ya jawo wata tarwaɗa mai tsawon kamu ɗaya daga ƙarƙashin wani karyayyen icce, ranar ce Joel ya tambaye shi sunansa.

Wata safiya cikin bazara wani ɗan kwalekwalen roba ja ya ɓullo daga kwana yana jujjuyawa, ya faɗa cikin igiyoyinsu, ya tsinka uku. Wadda ke ciki wata Baturiya ce mai furfura, sai ba da haƙuri take. Mutanen Joel suka yi mata caa. Maitama dai hannunta yake kallo.

"Baiwar Allah, ba haka ake riƙe filafili ba," ya ce da Turancinsa mai nauyi. "Kina faɗa da ruwa ne. Matso gefe in nuna miki."

Sunanta Debbie, tsohuwar malamar makaranta. Bayan ya gyara mata riƙo, ta zaro wata takarda daga rigarta. Su masu tuƙin kwalekwale suna neman hukuma ta gyara wannan lungu, a kwashe shara, a yi matakala ta saukar da jirage, a yi wa masu fatsa dandamali. An ce musu sai sun kawo sa hannun mazauna gari, kuma sai masu fatsa sun yarda.

Joel ko kallon takardar bai yi ba. "Sau biyu ana yi mini wannan daɗin bakin a wasu wuraren," ya ce. "Da an gyara, sai a kafa allo a ce an hana fatsa. Ku bar mana shararmu."

Maitama ya karɓi takardar, ya ninke, ya tafi da ita gida.

Furera ba ta so ba. "Malam, shekara nawa muna zaune lafiya ba wanda ya san da mu? Yanzu ka ɗauko rigimar Turawa da kogi. Ko kakanka ne ya haƙa shi?"

"Ba kakana ba ne. Amma ranar da ƙafata ta zame a gangaren nan, saura kaɗan a kawo miki ni a kwance. Joel kuma ya girme ni da shekara goma sha biyar."

Ya fara da inda ya sani. Ran Juma'a ya tsaya ƙofar masallaci da biro. Maƙwabcinsa Dachung, mutumin Jos mai aikin jinya, ya kai masa takardar cocinsu ran Lahadi. Har garin Silver Spring ya je, ya ajiye ta kan kantar wani shagon kayan abincin gida. Cikin sati uku ya tara suna fiye da ɗari biyu, ya kai wa Debbie yana murmushi. Ta duba adireshi ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago kai.

"Mista Maitama, yawancin mutanen nan ba mazauna Laurel ba ne. Ba za a ƙirga su ba."

Arba'in da ɗaya suka rage. Ya ji kunya ƙwarai, har ya yi Asabar biyu bai leƙa kogin ba. Dachung ne ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce, "Malam, tashi mu bi gida-gida. Ni zan yi Turancin, kai ka yi bayanin ruwa." Haka suka riƙa yi bayan an tashi aiki. Wasu suka rufe musu ƙofa, wata tsohuwa kuwa ta zaunar da su ta ba su labarin yadda ta koyi iyo a kogin tana yarinya, sannan ta kira 'ya'yanta uku a waya ta ce su zo su sa hannu.

Ana cikin haka Debbie ta nuna masa zanen wurin. Ya daɗe yana dubawa, sai ya ɗora yatsa kan matakalar.

"Nan ba zai yiwu ba. Nan ne gurbin tarwaɗa. Kifin duk a nan yake kwana. In kuna jefa jirage a kansa, Joel ya yi gaskiya, korarmu kuka yi."

"Amma nan ne kusa da wurin ajiye motoci. Injiniya ne ya zana."

"Injiniyan ya taɓa jiƙa wandonsa a nan?"

Ranar ba su rabu da daɗi ba. Amma da Asabar ta zagayo sai ga ta da babban kwalekwale mai cin mutum uku a kan motarta. Maitama ya saro doguwar gora, ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa, sannan ya je gaban Joel.

"Dattijo, ba sa hannunka na zo nema ba. Ka fi kowa sanin ruwan nan. Zo ka nuna mata inda kifi yake."

Joel ya shekara arba'in yana fatsa a kogin bai taɓa hawa kansa ba. Ya shiga yana riƙe da gefen jirgin da hannu biyu. Maitama na baya yana tuƙi, jirgin na tafiya sumul, ko fantsama babu. Duk inda Joel ya nuna, sai a caka gora, Debbie ta rubuta zurfin. A gurbin gorar ta nutse har ta kusa ƙarewa. Can ƙasa kaɗan kuwa suka sami wuri mai tsakuwa, ruwa iya gwiwa. Debbie ta cire tabarau ta ce, "To, na gani." Nan cikin jirgin suka daidaita. Matakala ta koma wurin tsakuwa, daga wayewar gari zuwa ƙarfe tara ba jirgin da zai ratsa gurbin, kuma a rubuta cikin takardar hukuma cewa fatsa tana nan daram.

Ranar zaman hukuma, minti uku aka ba kowa. Maitama ya sa farar kaftani, yana riƙe da takardar da Dachung ya rubuta masa. Ya karanta layi biyu ya rikice, sai ya ajiye ta.

"A garinmu," ya ce, "mai jirgi da mai kama kifi mutum ɗaya ne. A nan na tarar sun zama biyu, ba sa gaisawa. Mun auna ruwan da sanda. Ya ishe mu duka."

Ya ci gaba da bayanin gurbi da tsakuwa har ƙararrawa ta kaɗa bai ji ba. Shugabar zaman ta bar shi ya ƙarasa. Furera na kujerar baya tare da matan cocin su Dachung, ta rufe baki da gefen mayafi.

Ba duka aka ba su ba. An yarda da matakala da dandamali, aka ce banɗaki da fitilu sai wata shekara. Aikin ma sai da ya ci wata goma sha huɗu. Joel har yau bai sa hannu a komai ba, amma shi ke fara isa dandamalin, ya kafa kujerarsa a inuwa, kuma in wani jirgi ya doso gurbin kafin tara, muryarsa ake fara ji.

Maitama yana nan a sito, saura shekara uku ya yi ritaya. Ran Asabar yakan yi fatsa har tara, sannan ya naɗe igiya ya koma wurin matakala yana koya wa sababbi tuƙi. Cikin watan jiya wasu mata ma'aikatan jinya shida daga garin Germantown suka zo, 'yan Kaduna da Filato, ba wadda ta taɓa shiga ruwa. Ya sa musu rigunan kariya, ya jera su a tsakuwa, ya ce kowace ta fara tsoma ƙafa tukuna.