Sauti Na Goma Sha Bakwai A Kaset Ɗin Sabi'u

Jama'a, abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa na yi. Shekaru takwas ke nan ko tara, lokacin ina da ɗan shago a Zongon Kwatano, ina gyaran waya da tsofaffin na'urorin gem, wato wasan da ake bugawa a talabijin, irin waɗanda ake saukewa daga tashar jirgin ruwa a buhu-buhu. Daga Gusau na zo, da niyyar in yi shekara biyu in koma, sai ga shi na kwana biyu sosai.

Gyara shi ne abincina, amma abin da ya fi cin raina daban ne, wato fito da kiɗan tsofaffin gem daga cikin kaset. Bari in yi muku bayani kaɗan don kada in bar ku a baya. Kaset ɗin gem na da ba ya ɗauke da waƙa sukutum kamar yadda take a wayarku, wurin ya yi kaɗan. Abu biyu ne a ciki. Akwai 'yan guntayen sauti, bugun ganga ɗaya, busar sarewa da ba ta kai ƙiftawar ido ba, sannan akwai jerin umarni da ke cewa a buga wannan yanzu, a ɗaga wancan, a ja shi tsawon kaza. Ni kuma sai in zaro su biyun in zuba a kwamfuta in sake haɗawa, kiɗan ya fito tas fiye da yadda tsohuwar talabijin ke fitar da shi. Kuma da yake guntun gajere ne, in ana son ya daɗe sai a sa masa alama biyu, ya riƙa zagayawa tsakaninsu ba tsayawa har sai an ce ya tsaya. Wannan muke kira lup. Ku riƙe wannan, don a nan maganar take.

Muna da zaure a intanet, mu masu wannan haukan, akwai na Faransa da na Birazil da sauran wurare, kowa na nuna abin da ya tono. Ni kaɗai ne Bahaushe a ciki, kuma gaskiya ina da son a ce na iya. Halina ne, ba zan ɓoye muku ba.

To wata rana da damina, bayan azahar, sai ga Alhaji Garba a bakin shagona. Dillalin shanu ne, duk Zongo an san shi, mutum ne da ba ya dariya sai da dalili. Ya ciro wani abu a naɗe cikin leda da tsumma, ya ajiye a kan tebur. Kaset ne, takardar jikinsa ta goge, haƙoransa sun yi kore shar da tsatsa.

“An ce kana fito da kiɗa daga irin wannan,” in ji shi.

Na ce in dai bai mutu gaba ɗaya ba, ina gwadawa. Na tambaye shi ko na yaransa ne.

Ya ce, “Na ƙanena ne, Sabi'u. Inna ce ke so.”

Sai ya zauna a benci ya ba ni labari, yana kallon titi ba ni ba. Sabi'u yana da ɗan ɗakin gem a unguwar Ladji, can bakin ruwa, talabijin biyu da na'ura ɗaya, samari na biya suna bugawa. Wata shekara ruwa ya ci unguwar, shi kuma ya ce ba zai bar kayansa su lalace ba, ya ari kwalekwale ya shiga. An ga kwalekwalen a kife washegari, an ga jakarsa ta maƙale a jikin wani turke da kaset ɗin nan a ciki, shi kuwa ba a gan shi ba har yau, kusan shekara ashirin. Inna, mahaifiyarsu, ta ce tunda ba ta ga gawa ba ɗanta bai mutu ba. Ta hana a yi masa salla, ta hana a yi sadaka da sunansa, ɗakinsa na nan a share. Yanzu idonta ya tafi, jiki ya yi rauni, ta koma yini tana rera wani ɗan kiɗa da baki, wanda Sabi'u ke kunnawa a gida in yana gwada na'ura.

“Ni dai ta ji shi ko sau ɗaya kafin ta Allah ta kasance,” ya ce. “Ko nawa ne ka faɗa.”

Na ce ya bar maganar kuɗi tukuna. Kwana biyu ina fama da kaset ɗin nan, da buroshin haƙori da sifirit da bakin allura, ana ɗauke wuta ana kawowa, har Allah ya sa na'urar karantawa ta kama shi. Gem ne sananne, na sha jin kiɗansa, kuma duk wanda ya taɓa buɗe shi a zaurenmu ya san guntayen sautinsa goma sha shida ne. Na ƙirga nawa sai na ga goma sha bakwai. Na sake karantawa, goma sha bakwai. Na leƙa jerin umarnin kuma sai ga wani layi da babu shi a na kowa, sauti ɗaya tak, an danna shi tun farkon kiɗan, ba a ɗaga ba har ƙarshe.

Ku sani fa, irin wannan kaset ba a rubuta komai a cikinsa bayan ya bar masana'anta. Ko wanda ya ƙera shi ba zai iya ba. Tsatsa tana cinye abu, ban taɓa jin inda ta ƙara ba.

Mai hankali da a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa murna ce ta kama ni, na ce na samo wani samfurin kaset ɗin da ba wanda ya taɓa gani. Na haɗa kiɗan, na goma sha bakwai ɗin nan yana can ƙasa-ƙasa siriri kamar fito, har daɗi ya ƙara masa. Ban ko tashi na sha ruwa ba na ɗora shi a zaure, da kiɗan da guntayen duka, na rubuta cewa ga abin da aka samo a Kwatano. Nan da nan yabo ya fara shigowa, ina karantawa ina murmushi ni kaɗai kamar wawa.

Sai bayan la'asar na zauna daidaita muryoyin ɗaya bayan ɗaya yadda muka saba, a sauke kowanne zuwa asalin muryarsa a ji ko mene ne. Da na sauke na goma sha bakwai, fiton ya yi kauri, ya yi kauri, sai ya daina zama fito. Numfashi ne. Mutum ne yake jan iska da ƙarfi ta baki, irin jan wanda ya ɗago kai daga ruwa, kuma da yake akwai lup a kansa sai ya ja, ya koma ya sake ja, ya sake ja, babu fitarwa. Ga rana ba ta faɗi ba, masu zemijan, wato 'yan acaɓa, na ta hon a waje, mai gasa masara na gabana, amma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi har ƙeya. Na cire abin kunne na ajiye. Na ce wa kaina ai Turawa da Japanawa suna sa irin wannan a kiɗa, na mayar da shi siriri yadda yake, na rufe. Na ga akwai saura a bayan alamar lup ɗin, ɗan wutsiya da kiɗan ba ya taɓa kaiwa, amma ban saurara ba. Tsoro na ji, gaskiyar ke nan.

Washegari da hantsi Alhaji ya kai ni gidansu, na ɗauki kwamfuta da ƙaramar sifika. Inna na zaune a kan tabarma a bakin ɗaki, 'yar tsohuwa ƙarama, idanunta fari fat. Na durƙusa na gaishe ta, ta sa mini albarka, na kunna.

Da farko fuskarta ta saki, tana bin kiɗan da kai, leɓenta na motsi. Alhaji ya juya baya yana gyara hula, na san hawaye yake ɓoyewa. Ba a yi minti ɗaya ba sai ta ɗaga hannu.

“Wa ke jan numfashi?”

Na ce, “Inna, kiɗa ne kawai.”

“Kai yaro, ni na haife shi. Yana ja bai saki ba. Me ya sa ba ya saki?”

Jama'a, a siririnsa fa yake, wanda ni da kaina na ɗauka fito ne. Alhaji ya dube ni da wani irin kallo ya ce, “Malam, me ka sa a ciki?” Na rantse masa ban sa komai ba, na yi ƙoƙarin bayanin lup ina in'ina, cewa alama ce ke mayar da shi baya.

Inna ta ce, “To cire alamar. Ku sakar mini shi.”

Na kashe sauran sautukan, na sauke shi zuwa asalin muryarsa, na cire alamar, na danna. Aka ja numfashin nan sau ɗaya. Sai ƙarar ruwa. Sai aka sake shi a hankali, dogo, kuma a ƙarshensa wata murya ta namiji, a gajiye, ta ce, “Inna.” Daga nan shiru.

Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta ce, “Garba, je ka gaya wa liman. A yi wa ɗana salla.” Alhaji ya fita ko takalmi bai sa daidai ba. Sai ta lalubo hannuna ta riƙe, hannunta sanyi ƙalau.

“Ɗana, ka sake shi duka ko? Babu inda ya rage yana ja?”

A lokacin ne zauren ya faɗo mini a rai. Na buɗe baki, na dubi tsohuwar nan da ta yi shekara ashirin tana jira, na ce, “Duka, Inna. Babu saura.”

Ta ce Allah ya yi mini albarka, ya sa in gama da duniya lafiya. Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba.

Da gudu na koma shago na goge abin da na ɗora, amma ina, mutane da yawa sun riga sun sauke. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan Faransancina da Turancina na kasuwa, ina roƙo su cire lup ɗin su bar sautin ya kai ƙarshe. Waɗanda suka amsa suka ce babu komai a bayan alamar, a nan guntun ya ƙare. Na duba nawa, haka ne, wutsiyar babu ita. Na sake karanta kaset ɗin, goma sha shida cif, kamar na kowa. Wasu suka goge don na matsa musu, wasu suka ce wasa nake don abin ya ƙara suna. Wani ma ya maimaita kiɗan ya yi tsawon awa goma, ya ɗora don masu karatu da masu neman barci, mutane na ta rubuta cewa wannan siririn fiton na ƙasa shi ya fi kwantar musu da hankali.

Inna ta rasu kafin damina ta fita, Alhaji ya ce hankalinta kwance ta tafi. Har yau in mun haɗu sai ya riƙe hannuna ya yi godiya, ni kuma in rasa inda zan sa idona. Ban gaya masa ba. Na tambayi wani malami a kaikaice, ya ce mamaci yana hannun Ubangijinsa, ba ya cikin wata na'ura, kuma na yarda da shi, wallahi na yarda. Amma ni na ji abin da na ji, kuma na san a wannan lokacin da kuke karanta wannan, akwai wanda ya kunna shi a wani ɗaki a wata ƙasa.

Na bar harkar kiɗan gem tun daga ranar, waya kawai nake gyarawa. Shawarata gare ku, musamman masu tone-tonen tsofaffin kaya, in aka kawo muku abin wanda ya ɓata ko ya rasu, ku saurare shi har ƙarshe kafin ku nuna wa duniya, kuma kada son yabo ya sa ku raba abin da ba za ku iya tattarowa ba. Ni dai har gobe in na ji mutum ya ja dogon numfashi kusa da ni, ko a sahun salla ne, ba na samun natsuwa sai na ji ya sake shi.